Babi na Bakwai: Hannuwan da ke Bayan Kyakkyawar Fuska

Ranar wata Alhamis, ana saura mako biyu Babbar Sallah, ruwan sama ya kora ni cikin shagon wani dattijon tela kusa da babban masallacin Zongo a Kwatano. Ruwan Kwatano ba ya sallama. In ya sauko sai titi ya koma rafi, 'yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa, waɗanda a nan ake kira zemijan, su cunkushe ƙarƙashin rumfuna suna jiran ya tsagaita. Shagon bai fi taku huɗu ba. Kekunan ɗinki uku, dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa, turamen atamfa da shadda jibge har kusa da rufi, kowanne da 'yar takardar shaida manne a jikinsa. Bango kuwa kalandun ɗinki sun rufe shi daga sama har ƙasa: manyan takardu masu sheƙi, kowace da hotunan mata talatin ko arba'in, kowace mace da nata salon riga.

Ina zaune sai ga wata Hajiya da turmi biyu a leda. Bayan gaisuwa ta nufi bango, ta bi hotunan da yatsa har ta tsaya a kan ɗaya.

"Baba, wannan nake so. Amma a rufe mini hannu, a ƙara tsawon rigar."

"An gama, Hajiya. Wuyan fa, a bar shi haka?"

"A ɗan ɗaga shi."

Da ta fita, na ciro wani tsohon littafin Faransanci da na saya wurin masu baza littattafai a ƙasa, na buɗe masa wani hoto na ƙasar Japan da aka buga wajen 1795. Mata ne a tsakar ɗaki suna aikin allura. Biyu sun miƙe jan yadi a tsakaninsu, wani yaro yana tsokanar kyanwa da madubi, wata kuma ta ɗaga wani yadi shara-shara da hannu biyu, ana hango fuskarta ta cikinsa. Dattijon ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ta san yadi," in ji shi. "Dubi yadda ta ɗaga shi ga haske. Inda zare ya tsinke take nema. Da alƙalami aka yi wannan, Malam?"

"Da wuƙa aka yi shi, Baba. A jikin katako aka yanka, sannan aka buga a takarda."

"To, shi wanda ya yanka, mene ne sunansa?"

Suna ɗaya ne a ƙarƙashin hoton: Utamaro, wanda ya zana. Na wanda ya riƙe wuƙar ba a taɓa rubuta shi ba. Wannan tambaya ta tela ita ce ta haifi wannan babi.

Birnin baƙi

A birnin Edo Utamaro ya yi aikinsa. Edo shi ne tsohon sunan Tokyo. A 1603 Tokugawa Ieyasu, wanda ya gama da abokan hamayyarsa a fagen daga, ya mai da garin cibiyar mulkinsa, zuriyarsa kuma ta riƙe ƙasar har 1868. Don kada hakimai su yi ƙarfi a garuruwansu, a 1635 aka tsaurara musu doka: hakimi ya yi shekara a ƙasarsa, ya yi shekara a Edo, iyalinsa kuma su zauna a Edo dindindin. Hakimi ba ya tafiya shi kaɗai. Dakaru, barori, 'yan dako, magina da masu sayar da abinci suka yi ta kwarara, har a ƙarni na 18 mutanen birnin suka kai kimanin miliyan ɗaya, maza kuma suka rinjayi mata da yawa.

Duk wanda ya zauna a Zongo ya san irin wannan gari. Zango ai masaukin fatake ne. Mutum ya baro iyali a Maraɗi ko Gaya ko Sakkwato, ya zo neman halaliya kusa da tashar jiragen ruwa, da daddare ya nemi teburin mai shayi da abokan hira. A tsarin Japan na wancan zamani, mayaƙa ne a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, 'yan kasuwa a can ƙarshe. Amma kuɗin a hannun na ƙarshen suke. Tun da ƙofar sarauta a rufe take gare su, sai suka zuba dukiyarsu a sutura, gidajen wasan kwaikwayo, gidajen shayi da littattafai. Wannan rayuwa ta more yau suka kira ukiyo, duniya mai shawagi, wadda ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kalmar ta fito ne daga wa'azin addinin Buddha, inda take nufin duniya gidan wahala mai ƙarewa, 'yan birni suka juya ma'anarta. Hotunan wannan duniya su ne ukiyo-e, reshen da ya shafi kyawawan mata kuma ana ce masa bijin-ga.

Wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan sana'a, Hishikawa Moronobu, ya rasu a 1694. Mahaifinsa mai yi wa tufafi ado da zare ne, shi ma a cikin yadi ya buɗe ido. Don haka tun daga tushe, sutura da hoton nan tare suka taso. A zamaninsa baƙar tawada kaɗai ake bugawa. In ana son launi, sai a bi kowace takarda da hannu a shafa.

Hannu huɗu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin hoto guda ya isa rumfar mai sayarwa, sai ya bi ta hannun mutum huɗu.

Na farko mai jari. Shi ne mai shago, shi ya san abin da gari ke so, shi ke zaɓen abin da za a zana, ya biya kowa, allunan kuma mallakarsa ne. Na biyu mai zane. Da burushi da baƙar tawada yake fitar da layukan hoton a kan takarda mai laushi, siririya ƙwarai.

Na uku masassaƙi. Yana ɗaukar wannan zane ya kife shi a kan allon icen ceri, ya manne shi da ƙullun shinkafa, ya riƙa murza bayan takardar da yatsa har layukan su bayyana. Sai ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya bi kowane layi, ya yanka ta dama, ya yanka ta hagu, ya kwashe duk katakon da ke tsakani, layin kaɗai ya rage a tsaye. Ka lura da wannan: a cikin aikin nan zanen asali yake ƙarewa, wuƙa ta cinye shi. Layin da duniya ke yabawa yau a gidajen tarihi, layin da wuƙar masassaƙi ta bari ne. Bayan allon baƙi, kowane launi da nasa allon: na ja, na shuɗi, na ɗorawa, wani lokaci goma ko fiye. A gefen kowane allo ana yanka 'yan tsagi biyu, ɗaya a kusurwa, ɗaya a miƙe, ana kiransu kento. Nan ake dafa bakin takarda kowane bugu, don launi ya faɗa daidai gurbinsa.

A cikin masassaƙan ma akwai daraja hawa-hawa. Yaro yakan fara da yanka rubutu, ya hau zuwa tufafi da hannuwa, sai bayan shekaru masu yawa a ba shi kai. Gashin goshin mace shi ne ƙololuwar gwaninta, domin mai zane sau da yawa alama kawai yake yi, masassaƙi ne ke tsefe gashin ɗaya bayan ɗaya, har wajen sili uku a faɗin milimita ɗaya. Wuƙa ta ɗan kauce, aikin kwanaki ya lalace.

Na huɗu mabugi. Ba shi da inji. Yana zaune a ƙasa, ya jiƙa takardar da aka yi da ɓawon bishiyar kozo ta yi laushi, ya shafa launi da ɗan ƙullun shinkafa a kan allo, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da igiya aka lulluɓe da ɓawon gora. Ƙarfin kafaɗarsa ne ke tura launi cikin takarda. Zubi ɗaya yakan kai takarda 200. In hoton mai launi goma ne, sau 2,000 ke nan zai ɗora, ya murza, ya ɗaga. Shi ke sa launi ya tashi da duhu ya ƙare da haske. Shi ke buga allo babu launi don saƙar farin yadi ta fito a taɓa ta da yatsa. Shi ke barbaɗa garin dutse mai ƙyalli a bayan fuska. Yadin nan shara-shara da ya burge tela, dabarar masassaƙi da mabugi ce, launi a kan launi.

Mu ma muna da mabuga. Wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ji ƙarar sandunansu a kan gungume. Ran Sallah kowa na yaba sheƙin babbar riga, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi damtsen da ya buge ta. Haka abin yake a Edo. A jikin hoto za ka ga sa hannun mai zane da tambarin mai jari. Sunan masassaƙi da na mabugi sai jefi-jefi, sai a tsakiyar ƙarni na 19 ne suka ɗan fara yawaita. Farashin takarda ɗaya kuwa bai fi na kwanon taliya da kaɗan ba, shi ya sa har barori da 'yan dako suke saye su liƙa a bango.

Daga kalanda zuwa shadda

Launi mai yawa ta ƙofar kalanda ya shigo. Japanawa a lokacin da wata suke lissafi, kamar yadda muke yi a kalandar Musulunci: wani wata kwana 30, wani 29, jerin kuma yana sauyawa kowace shekara. A 1765 wasu masu hali a Edo suka shiga gasar musayar kalandun hoto a sabuwar shekara, ana ɓoye lambobin watanni a cikin zanen, wani lokaci a adon rigar mace. Da yake ba su jin tsadar takarda ko launi, masu sana'a suka sami damar gwada duk dabarar da suke da ita. Suzuki Harunobu ne ya fi fice a wannan aiki. Masu jari suka ga kasuwa, suka goge lambobin watanni, suka sayar da hotunan ga kowa. Aka sa musu suna nishiki-e, daga sunan wani yadin alharini mai saƙar ado. Da a Zongo ne, da hoton shadda za a ce.

Matan Harunobu 'yan sirara ne, masu ƙananan hannuwa, kamar iska za ta ɗauke su. Ya zana wata yarinya mai suna Osen da ke kai shayi a wani shago kusa da wurin bauta na Kasamori, hoton ya sa jama'a suka riƙa tururuwa don ganinta. Ya rasu a 1770, shekara biyar kacal bayan ya buɗe wannan ƙofa.

Bayansa Isoda Koryusai ya fara, wajen 1776, wani jerin hotuna da ya wuce 100, kowanne da wata sananniyar mace sanye da sabon ɗinkin shiga shekara. Kalandar ɗinki ke nan tsaf, irin wadda Hajiya ta bi da yatsa. Matan 'yan kasuwa su duba, su nufi kantin yadi. Akwai irin waɗannan kantuna manya, kamar Echigoya da Mitsui Takatoshi ya buɗe a 1673, wanda ya shahara da farashi ɗaya babu ciniki, da yanka wa mutum daidai tsawon da yake so. Daga baya har aka buga hotunan suturar bazara ɗauke da tambarin kantunan da ke sayar da yadin. Gwamnati ta sha hana talakawa sa tufafi masu ƙyalli, sai mutane suka koma ga ruwan ƙasa, ruwan toka, shuni da ratsi-ratsi, suka ɓoye ado a shafin ciki na riga. Duk wannan yana nan a hotunan, shekara bi shekara. Torii Kiyonaga, wanda ya yi tashe a shekarun 1780, ya miƙar da matan suka zama dogaye masu tafiyar ƙasaita, ya jera takardu biyu ko uku suka zama fage ɗaya, mata suna shan iska a bakin kogin Sumida.

Utamaro da ubangidansa

Kowane gwani da wanda ya tsaya masa. Tsutaya Juzaburo, wanda aka haifa a 1750, ya fara da ɗan shagon littattafai a bakin ƙofar unguwar Yoshiwara. A 1783 ya koma Nihonbashi, tsakiyar kasuwancin birnin. Shi ya ja Kitagawa Utamaro a jiki, har ya zaunar da shi a gidansa.

Abin da Utamaro ya kawo a farkon shekarun 1790 shi ne matsowa kusa. Ya bar lambu da kogi, ya cika takarda da fuska da kafaɗa. Da layuka 'yan kaɗan yake nuna abin da ke zuciya: karkatar wuya, yatsa a gefen kunci, ido da ya ɗan lumshe. Wajen 1793 ya jera mata uku a takarda ɗaya: Okita mai kai shayi a Asakusa, Ohisa 'yar mai shagon ƙosan shinkafa a Ryogoku, da Toyohina mawaƙiya. Kallon farko sai ka ce fuska ɗaya ce. In ka natsu za ka ga hancin wannan ya fi tudu, idon waccan ya fi tsawo, kowace kuma da tambarinta a riga ko a mafici. Ya zana mata a bakin murhu hayaƙi na shiga musu ido, uwa tana shayarwa, masu kiwon tsutsar alharini a jerin takardu 12. Ayyukansa na bugu sun kai wajen 2,000.

Hukuma ba ta zuba ido ba. A 1790 aka kafa dokar tacewa: ba a buga hoto sai an duba shi an danna masa hatimi. A 1791 aka ci Tsutaya tarar rabin dukiyarsa saboda wasu littattafai. A 1793 aka hana rubuta sunayen 'yan matan gari a jikin hoto. Utamaro ya koma rubuta sunan da kacici-kacici, 'yan ƙananan zane waɗanda in ka faɗi sunayensu a jere sunan yarinyar zai fito. A 1796 aka hana wannan ma. A 1800 aka hana manyan fuskoki. Wanda ya bi labarin fina-finan Hausa tun kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001 ya san irin wannan ja-in-ja tsakanin kasuwa da masu tsaron tarbiyya. A 1804 Utamaro ya zana Toyotomi Hideyoshi, wani shugaba na da, yana shaƙatawa da matansa. Aka kama shi, aka sa masa ankwa a hannu kwana 50. Tsutaya ya riga ya rasu tun 1797. Utamaro ya bi shi a 1806.

Kura da shan bugu

Akwai hannu na biyar, shi ne ya fi kowa shan wuya: ita matar da ke cikin hoton. Da yawa daga cikin fuskokin nan matan Yoshiwara ne, unguwar karuwai da gwamnati ta ba lasisi a 1617, aka mai da ita bayan gari bayan babbar gobarar 1657. Rami mai ruwa ya kewaye ta, ƙofa ɗaya ce tak, mace ba ta fita sai da izini. Yawancinsu 'ya'yan talakawan ƙauye ne da yunwa ko bashi ya sa iyaye suka ba da su jingina, wasu tun suna shekara bakwai ko takwas. Yarjejeniyar takan kai shekara goma. Rigunan alharinin da ake gani a hoto, da matajan kai, da shimfiɗa, duk a kan yarinyar ake rubuta kuɗinsu, bashi yana hawa kan bashi. Cututtuka sun kashe da yawa tun ba su kai talatin ba. Wadda ba ta da mai ɗaukar gawarta, sai a naɗe ta a tabarma a kai ta wurin bauta na Jokanji da ke kusa. Ana ƙiyasta matan da aka binne a can sun kai 25,000.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hoton talla ne, kuma talla ba ta nuna hawaye. Masu gidajen da masu jari ne suka ci riba. Ina ganin wajibi ne mai kallo ya riƙe abu biyu a zuciya lokaci ɗaya: gwanintar da ta fitar da gashin goshi, da yarinyar da aka rabo da uwarta. Wanda ya ga na farko ya manta na biyu, kyan ɗan maciji ya ruɗe shi.

Mace ɗaya ta kalli wannan unguwa da nata idon. Katsushika Oi, 'yar shahararren mai zane Hokusai, ta yi aiki a gefen mahaifinta har ya rasu a 1849, ayyukan da ke ɗauke da sunanta kuwa 'yan kaɗan ne. A wani zanen hannu da ta yi na Yoshiwara da dare, matan suna zaune a bayan sandunan katako cikin hasken fitila, mazan da ke leƙe kuma inuwa ce kawai a waje. Ka duba shi sau ɗaya, za ka gane keji ne. A 1872 gwamnati ta ba da sanarwar 'yanta matan daga jingina, amma sana'ar ta ci gaba da sabon suna har doka ta rufe unguwar a 1958.

Na san akwai mai karatu da zai tuna maganar malamanmu kan hukuncin suranta mai rai. Wannan fagensu ne, kuma ina girmama shi. Akwai ma hotunan Edo na batsa waɗanda ba su da gurbi a wannan littafi. Abin da ya kawo ni nan haƙƙin ma'aikaci ne da haƙƙin mai rauni, kuma a kan waɗannan addininmu bai yi sassauci ba.

Takarda ta ƙetare teku

Sama da shekara 200 Japan ta taƙaita hulɗa da Turawa. Mutanen Holan kaɗai aka bari, su ma a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki, tun 1641. Bayan jiragen yaƙin Amurka sun iso a 1853, ƙofa ta buɗe. A baje kolin Paris na 1867 Turawa suka ga kayan Japan da yawa, suka kamu da son hotunan. Mai zane Monet ya tara sama da 200 a gidansa na Giverny. A 1887 mai zane Van Gogh ya kwaikwayi hoton wata mace da Keisai Eisen ya zana. Mary Cassatt, Ba'amurkiya mazauniyar Paris, ta ga wani nunin hotunan Japan a 1890, ta koma ta yi nata hotuna goma na rayuwar mata. A 1891 Edmond de Goncourt ya rubuta littafi sukutum a kan Utamaro. Dillali ɗaya, Hayashi Tadamasa, ya fitar da takardu sama da 150,000 zuwa Turai. A gida kuwa, mutane sun karkata ga kyamara da injin ɗab'i, suna ganin tsofaffin takardun nan tarkace ne. Kafin su farga, mafi kyawunsu sun tafi Boston, Landan da Paris. A 2016 aka yi gwanjon hoton Utamaro guda ɗaya a Paris a kan sama da Yuro 700,000.

Sana'ar ba ta mutu ba. A farkon ƙarni na 20 wani mai jari, Watanabe Shozaburo, ya sake haɗa masu zane irin su Hashiguchi Goyo da Ito Shinsui da masassaƙa da mabuga. Girgizar ƙasa ta 1923 ta ƙone masa alluna, ya sake farawa. Har yau akwai masu koyon wuƙa da baren a Tokyo da Kyoto.

Mu a Kwatano mun san zafin rabuwa da kayan gado. A Nuwamba 2021 Faransa ta dawo da kayayyaki 26 da sojojinta suka kwashe daga fadar Abomey a 1892, jama'a suka yi dogon layi a fadar shugaban ƙasa don ganinsu a 2022. Abin da aka ƙwace maka, kana da bakin cewa a dawo da shi. Wanda ka yar da hannunka fa, wa za ka kai ƙara?

Komawa shago

Atamfar da Hajiya ta kawo ita ma 'yar wannan dangi ce. Mutanen Holan sun koyi rini da kakin zuma daga tsibirin Java, suka mai da shi aikin inji. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda ya samo asali a 1846, ya daɗe cikin ƙarni na 20 yana ƙara launi a kan yadi da allunan katako, da hannu, allo ɗaya launi ɗaya. Japanawa ma sun shigo harkar: kamfanoninsu ne suka kafa masaƙar Arewa a Kaduna a shekarun 1960. Duba gefen turminki, za ki ga sunan kamfani da lamba. Wanda ya zana furen ba ya nan. Sunan da atamfa ke yawo da shi a kasuwannin Dantokpa da Missebo da Kantin Kwari, matan kasuwa ne suka raɗa mata, su ma ba a rubuta nasu ba.

Kafin ruwa ya ɗauke na tambayi dattijon abin da yake yi da tsofaffin kalandu.

"In rana ta cinye su, yara su yanka samfuri da su, ko a hura gawayin guga."

A bayan ƙofa akwai wata da ta koɗe, gefenta ya yage. Salon hannayen rigunan da ke cikinta babu mai sa su yanzu. A cikinta akwai yadda matan wannan gaɓar teku suka ɗaura kallabi a wata shekara, da launin da ya yi tashe, da faɗin da buje ya kai. Jikokinmu za su nemi wannan, kuma babu littafin da ya rubuta shi. Na roƙe shi ya ba ni. Ya cire ƙusoshin a hankali, ya kife ta a kan teburin yanka, ya rubuta shekarar da ya saye ta da sunan shagonsa.

Sai ya ɗaga kai ya dubi yaron da ke kan keken surfani a lungu, wanda tun shigowata bai ce uffan ba. Shi zai yi wuyan rigar Hajiya. Ran Sallah za a yaba Hajiya, wata ƙawarta ta tambayi wane tela ne, a faɗi sunan dattijon, magana ta tsaya nan.

"Kai, zo nan," in ji shi, ya miƙa masa biro. "Rubuta naka a ƙarƙashin nawa. Rabin ɗinkin da aka zaɓa a takardar nan, hannunka ne ya fitar da shi."

Yaron ya goge tafinsa a jikin wando, ya sunkuya, ya rubuta sunansa da ajami, baƙi bayan baƙi. Na naɗe takardar na sa a cikin littafin, daidai shafin matar da ke ɗaga yadi ga haske. A waje zemijan sun fara tayar da babura, a ciki keken surfani ya ci gaba da kuka.